Mujallar labaran al'ajabi: wa zai ciyar da ita a Birnin Ƙonni?

Ranar Laraba, ranar kasuwar Birnin Ƙonni, duk wanda ya ratsa tsakanin ƴan canji da masu buhunan albasar Galmi, ba zai rasa cin karo da mai littattafai ba, ya baje hajarsa bisa tebur ko bisa tabarma. Gefe guda littattafan addini ne, na Larabci da na ajami. Ɗaya gefen kuwa ƴan ƙananan littattafai ne na Hausar boko masu bango mai launi, waɗanda aka buga a Kano ko Zariya, suka biyo ta Sakkwato, suka ƙetaro iyaka ta Illelar Nijeriya. Galibinsu na soyayya ne, amma akwai na yaƙin sadaukai da aljannu, da na bokaye masu tafiya bisa iska. Tun da sallula ta shiga hannun kowa tarin ya ragu, domin labaran sun koma cikin waya, amma ƙishirwar jinsu tana nan yadda take.

Abin da mai saye zai sha wuya kafin ya gani bisa wannan tebur shi ne mujalla, wato takarda mai fitowa kowane wata ko kowane wata uku, ɗauke da gajerun labarai biyar ko shida na marubuta dabam-dabam, waɗanda wani edita ya tace ya zaɓa. A ƙasashe da dama irin wannan mujalla ce makarantar marubutan labaran al'ajabi da ƙagaggun labaran kimiyya. Tarihinta a ko'ina kuwa abu guda yake nunawa: tana rayuwa muddin masu karanta ta suna biyan kuɗinta, ranar da suka daina sai ta mutu. Zancen ya shafi ɗan kasuwa da ma'aikaci kai tsaye, domin su ne ke da ɗan abin hannu da kuma sanin karatu.

Daga bakin kaka zuwa takarda

Labarin al'ajabi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kafin a san boko, an san Gizo da Ƙoƙi, an san Dodo, an san kaka da ke tara jikoki bayan sallar lisha. Cikin shekara ta 1933 wani Baturen Ingila mai suna Rupert East, shugaban ofishin fassara na Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu cike da aljannu da tafiye-tafiye zuwa ƙasashen da ido bai taɓa gani ba. A ƙarshen shekarun 1930 Abubakar Imam ya ƙara da Magana Jari Ce, littafi uku na gajerun labarai da wani aku ke bayarwa. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne kuma ya zama editanta na Hausa. Sunan jaridar da kansa yana tunatar da mai karatu cewa sai ya fidda kwabonsa.

A farkon shekarun 1950 gwamnatin Arewacin Nijeriya ta kafa hukumar NORLA domin samar da abin karantawa ga waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci. Hukumar ta buga littattafai masu yawa, ta kuma fitar da ƙananan jaridu na larduna, kamar Zaruma ta Sakkwato, da Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano. Amma da kuɗin gwamnati take tafiya, ciniki bai riƙe ta ba, cikin 1959 aka rufe ta. Sai a 1966 kamfanin NNPC ya ɗauki nauyin buga littattafan Hausa a Zariya. Shi ne ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata. Labarin wani yaro ne, Kilba, wanda wani baƙo daga sararin samaniya ya ɗauka ya zagaya da shi. Masana adabi suna ɗaukarsa a matsayin mafarin ƙagaggen labarin kimiyya da Hausa.

Daga tsakiyar shekarun 1980 marubutan Kano suka daina jiran kamfani, suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu, suna kai wa ƴan kasuwa su rarraba. Wannan adabi ya bazu har Maraɗi da Damagaram da Ƙonni ba tare da tallafin kowace hukuma ba, domin dai mutane sun saya. A cikinsa ne marubuta irin su Nazir Adam Salih da Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka yi suna da labaran ban tsoro da na yaƙi da tsafi. Sai dai kasuwar ta fi son dogon labari mai kashi na ɗaya da na biyu da na uku, tun da shi ke mayar da mai saye wurin mai tebur. Gajeren labari bai sami rumfa tasa ba. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya buɗe a 2016 domin mata marubuta ta nuna cewa masu iya rubuta shi suna da yawa, amma gasa sau ɗaya take zuwa a shekara, mutum uku ke hawa kan gaba, sauran su koma gida da takardunsu.

A ɓangaren Nijar ma ba a rasa masu wannan baiwa ba. Bubu Hama ya tattara tatsuniyoyi da almarar ƙasa cikin jerin littattafansa na Contes et légendes du Niger. Abdulaye Mamani ya fitar da Sarraounia a 1980, labarin sarauniyar Lugu da ta tsaya gaban rundunar Voulet da Chanoine, rundunar nan da ta ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu na 1899. A littafin, tarihi da asiri suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Mustafa Alasan, wanda ya yi zamansa a Tawa kuma ya rasu a 2015, ya yi Bon voyage Sim a 1966, sinimar zane a kan wata jamhuriyar kwaɗi. Amma littattafan nan da Faransanci aka rubuta su, a Paris aka buga su. Abin da aka buga da Hausa a Nijar kuwa, kamar jaridar Ganga ta hukumar yaƙi da jahilci, yawancinsa ya dogara ne ga gwamnati ko ga wani shiri na masu ba da agaji, kuma kowa ya san shiri yana da ranar ƙarewa.

Bayan fitowar Haské a 1990 da babban taron ƙasa na 1991, jaridu masu zaman kansu sun yawaita a Yamai. Ba su daɗe da samun ƴanci ba sai ga faɗuwar darajar sefa ta 12 ga Janairu 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Takarda da tawada daga waje ake sayo su, sai kuɗinsu ya yi tsalle, alhali ma'aikatan da ke sayen jarida suna bin gwamnati bashin albashi na watanni. A cikin irin wannan hali siyasa ce ke cinye shafuka, labarin aljannu da taurari ba ya samun wuri.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

A Amurka an daɗe da keɓe wa irin waɗannan labarai mujalla tasu. Weird Tales ta fito a 1923 da labaran ban tsoro da na sihiri. Amazing Stories, wadda Hugo Gernsback ya kafa a 1926, ita ce ta farko da ta tsaya ga ƙagaggun labaran kimiyya kaɗai, a cikinta ne kuma aka fara buga labarin Isaac Asimov a 1939. Astounding, wadda aka kafa a 1930 kuma daga baya ta koma Analog, ita ta fara fitar da labarin Dune na Frank Herbert kashi-kashi daga 1963, tun kafin ya zama littafi, balle sinima. A Faransa mujallar Fiction ta rayu daga 1953 zuwa 1990, sa'an nan Bifrost da Galaxies suka fito a 1996. Kusan duk manyan marubutan wannan fanni na ƙarni na 20 a shafin mujalla suka koyi tafiya.

Duk da wannan suna, mujallun ba su taɓa zama cikin wadata ba. Weird Tales ta tsaya a 1954, an yi ta farfaɗo da ita tana sake kwantawa. Cikin 2023 aka ga masifa biyu. A watan Fabrairu mujallar Clarkesworld, wadda Neil Clarke ya kafa a intanet a 2006, ta rufe karɓar labarai na ɗan lokaci, saboda ɗaruruwan labaran da na'ura ta rubuta, waɗanda masu neman kuɗin banza suka riƙa aika mata da sunansu. A shekarar ce kuma kamfanin Amazon ya soke tsarin da masu karatu ke biyan kuɗin mujallu ta hannunsa, abin da ya raba mujallu da dama da wani babban kaso na masu biyansu dare ɗaya. Waɗanda suka fi jurewa su ne masu jama'ar da ke biyan su kai tsaye. Ɗan kasuwar Ƙonni ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan: ya ga rufe iyaka na 1984 zuwa 1986, da na 2019 zuwa 2020, da na 2023 zuwa 2024, ya san halin wanda duk hajarsa ta ƙofa guda take shigowa.

A Afirka, wasu marubuta biyu na Nijeriya, Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu, sun kafa mujallar Omenana a intanet cikin 2014, domin labaran al'ajabi da na kimiyya na ƴan Afirka. Da Ingilishi take buga yawancin labaranta, ta kuma buga wasu da Faransanci, abin da ya buɗe ƙofa ga malamin lakkwal na Malbaza ko na Illela da ke son karantawa ko aika nasa. Daga 2017 aka fara ba da kyautar Nommo ga gwanayen wannan fanni a nahiyar.

Wa ke ƙaga goben Nijar?

Mai yiwuwa wani ya ce wannan duk wasan yara ne, mutumin da ke fama da kuɗin hatsi da na magani ina ruwansa da taurari. Akwai abin dubawa kafin a yanke hukunci. Cikin 1863 Jules Verne ya fitar da Cinq semaines en ballon, inda wasu Turawa uku suka ratsa Afirka cikin balan-balan, suka bi ta saman tafkin Cadi da Damagaram. Verne bai taɓa taka wannan ƙasa ba, amma yaran Faransa sun karanta siffar da ya ba ta shekaru da yawa kafin sojojin ƙasarsu su iso. Cikin 2007 kuma Nnedi Okorafor, ƴar Amurka mai asali da ƙasar Ibo, ta fitar da The Shadow Speaker, labarin da ta kafa a Nijar ta shekara ta 2070. Ke nan an ƙaga jiyan ƙasar daga Faransa, an ƙaga gobenta daga Amurka.

Alhali kayan labari suna nan zube. Akwai masana'antar siminti ta Malbaza da ƙurarta, da madatsun ruwan Mozage da Zango da ke shayar da gonakin Ƙonni, da rijiyoyin da ke ƙara zurfi, da iyakar da ta raba dangi gida biyu. Wanda ya zauna ya rubuta yadda Ƙonni za ta kasance ranar da aka daina shan man fetur a duniya, ko ranar da damina ta yi shekara uku ba ta zo ba, tambayar da yake yi ita ce wadda ɗan kasuwa mai hangen nesa da ma'aikacin buron tsare-tsare suke yi. Bambancin kawai shi ne shi ya sa mata mutane da suna da fuska, har yaro ɗan shekara 12 ya iya bin ta.

Ga kuma wani sabon dalili. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, an kuma yi taron daidaita rubutun Hausa a Yamai a 1980. Doka tana iya ɗaukaka harshe, amma yaron da ya koyi karatu sai da abin da zai karanta don jin daɗi, in ba haka ba karatun ya tsere masa. An sha ganin haka ga manyan da suka gama ajin yaƙi da jahilci suka koma gida ba ko takarda guda.

Yadda ake zaɓe

Ko mujallar ta takarda ce, ko ta intanet, ko kuwa zaure ne na WhatsApp da ake biyan kuɗi kafin a shiga, ma'aunin ɗaya ne, kuma bai bambanta da na sayen kowace haja ba. Da farko a dubi mai ita. Mujallar kirki tana bayyana sunan editanta da inda za a same shi. Wadda ba a san mai ita ba, ba a san wanda za a bi bashi ba ranar da ta ɓace. Na biyu, a dubi cika alkawari. Wadda ta ce wata uku-uku za ta riƙa fitowa kuma ta fito sau huɗu a shekara, ta fi mai alkawarin kowane mako da ta yi fitowa biyu ta yi shiru. Kafin a ba da kuɗin shekara, a nemi tsofaffin fitowa a ƙirga.

Na uku, a tambaya ko tana biyan marubuta, ko da abu kaɗan ne, kuma ko tana sa sunan kowa bisa labarinsa. A Amurka ƙungiyar marubutan wannan fanni ta tsayar da santi 8 a kan kowace kalma tun 2019 a matsayin mafi ƙarancin ladan gwani. Ba wanda zai nemi haka a Tawa, amma mujallar da ke karɓar kuɗi daga marubuci kafin ta buga shi, ta juya ciniki baibai, kuma ba za ta iya ƙin labari maras kyau ba. Na huɗu, a karanta labari guda har ƙarshe. Shin sabon abu ne, ko sinimar Indiya ce aka sauya wa sunaye? Shin mutanen ciki suna magana irin ta mutane, ko Hausar tana warin fassarar na'ura? Shin an kula da ƙa'idar rubutu, ƙ da ɗ da ɓ suna wurarensu? Na biyar, uba ya dubi ko abin da ke ciki zai iya shiga gidansa. Edita nagari yakan faɗi tun a bango ko ta yara ce ko ta manya. Labarin aljani da kowa ya san ƙage ne ba ya ruɗin kowa. Mai tatsuniya ma yakan rufe da ƙurunƙus, kowa ya san an dawo duniya.

Yadda ake riƙe ta

Babban abin da ke kashe jarida da mujalla a wannan yanki sananne ne: guda ake saye, buro duka ya karanta, sa'an nan wani ya kai ta wurin mai hotokopi. A zamanin waya abin ya ƙara muni, domin mutum ɗaya ke biya, ya tura wa ɗari. Marubutan Hausa na intanet sun daɗe suna kuka da wannan, kuma rufewar dandalin OkadaBooks na Nijeriya a ƙarshen 2023 ta nuna cewa yawan masu karatu ba shi ne yawan masu biya ba. Mai turawa yana ganin alheri yake yi, alhali hatsin iri yake rabawa ana ci.

Maganin farko shi ne biya tun gaba, abin da ma'aikata suka saba kira abonma. Mai mujalla da ya san mutum nawa suka biya kuɗin shekara, ya san ram nawa na takarda zai saya, ya san abin da zai ba marubuci da mai zane. A ɗauki misali: fada ta mutum 20, kowa ya zuba dala ashirin a wata, an tara jikka biyu, a shekara jikka 24. Kuɗin bai kai na sukarin shayin fadar ba. Fada 50 tsakanin Ƙonni da Tsarnawa da Galmi da Malbaza da Illela, in suka yi haka, sun tara sama da miliyan guda a shekara. Mutanen da suka iya adashi ba su bukatar a koya musu wannan lissafi.

Ɗan kasuwa yana da wasu hanyoyi ban da saye. Yana iya sa tallar shagonsa a bangon baya, ya biya a kan lokaci. Mai mota da ke bin hanyar Tawa ko ta Maraɗi yana iya ɗaukar ƙunshi ya sauke a tasha. Mai shago yana iya ajiye kwafi goma bisa kanta, ya mayar da kuɗin wanda ya sayar ba tare da an yi ta zarya ba, domin kuɗin da ke maƙalewa hannun dillalai ya durƙusar da masu buga littattafai da yawa. Ma'aikaci kuwa, musamman mushen lakkwal, shi ke iya sa mujalla cikin akwatin littattafan makaranta, ya karanta labari guda da ƴan ajinsa, ya ce su rubuta nasu, ya aika wanda ya fi. Mai karatu da ya ji daɗin labari ko ya ga aibinsa, ya rubuta wa edita. Wasiƙun masu karatu ne suka haɗa masoyan Amazing Stories da juna har suka kafa ƙungiyoyi, daga cikinsu kuma marubuta suka fito.

Wanda ke da niyyar kafa irin wannan mujalla da Hausa, tarihin NORLA ya ishe shi gargaɗi. Tallafin hukuma ko na ƙungiyar agaji yana da kyau a matsayin jarin farawa, amma kada a yi lissafin shekara ta biyu da shi. Gara shafi 24 da ke fitowa a kan lokaci, a farashin da ɗan kabu-kabu zai iya biya, da shafi 100 masu sheƙi da za a gani sau ɗaya. Kuma tun da masu jin Hausa suna ɓangarori biyu na iyaka, a tanadi hanyar biya da sefa da kuma naira.

Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Ƙonni tana da masu ba da labari, tana da masu son ji, tana da injinan buga takarda kusa da ita a Maraɗi da Sakkwato. Abin da ya rage shi ne mutum ɗari kaɗan da za su yarda su biya kuɗin fitowa huɗu kafin su ga ta farko. In an same su, wata Laraba mai littattafan kasuwa zai baje sabuwar haja da ba ta ƙetaro iyaka ba. Allah ya sa a dace.